Yadda Iyakar Makaranta Ta Shiga Cikin Kuɗin Gida a Detroit

A Amurka, dillalin da ke tallar gida yakan ambaci sunan makarantar gwamnatin unguwar kusan tare da yawan ɗakunan kwana. Dalili kuwa, a mafi yawan garuruwan ƙasar adireshin iyaye shi ke yanke makarantar da yaro zai shiga. Hukumar ilimi tana da taswira da ta yanka gari gunduwa-gunduwa, kowane yanki da tasa firamare da tasa sakandare, duk wanda ƙofar gidansa ta faɗo cikin yanki, to can ɗansa zai je. Ke nan mai sayen gida abu biyu yake biya wa kuɗi, ginin da zai kwana a ciki da gurbin da 'ya'yansa za su samu a aji. Masana tattalin arziki sun auna kuɗin wannan gurbi. A 1999 Sandra Black ta wallafa binciken da ta yi a garuruwan da ke kewaye da Boston, inda ta kwatanta gidajen unguwa ɗaya, masu biyan haraji ɗaya, waɗanda babu abin da ya raba su sai layin firamaren da ya ratsa tsakaninsu. Ta gano cewa idan sakamakon jarrabawar wata makaranta ya ɗara na maƙwabciyarta da kashi 5 cikin 100, masu saye sukan ƙara wajen kashi 2.5 cikin 100 a kan kuɗin gida. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan halin kasuwa ne kawai, kowa na son alheri ga ɗansa, mai hali ya biya. Tarihin birnin Detroit na jihar Michigan ya nuna cewa hannun hukuma ne ya ɗaure makaranta da takardar gida, daga bisani Kotun Ƙoli ta ƙara tamke ɗaurin, kuma mai ikon kwance shi yana nan, ya ƙi ne kawai.

Dole a rarrabe iyaka iri biyu, domin duk rikicin a kan bambancinsu ya rataya. Akwai ƙaramar iyaka, wadda ke raba makaranta da makaranta a cikin gunduma ɗaya. Wannan tana hannun zaɓaɓɓun mambobin hukumar ilimi ta gundumar, kuma suna iya matsar da ita da ƙuri'a a zama guda, idan wata makaranta ta cika ta batse, ko wata ta rasa ɗalibai, ko an gina sabuwa. Sai babbar iyaka, wadda ke raba gunduma da gunduma. Amurka tana da gundumomin ilimi wajen 13,000, kowace da hukumarta da asusunta da harajin da take ɗora wa gidaje da filayen cikinta. Yaron da ke wannan gefen titi ba shi da haƙƙin shiga makarantar wancan gefen, ko da yana hango ta daga ƙofar gidansu. Ga mai sayen gida bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya saya don wata makaranta mai kyau a cikin babban birni ya dogara da layin da ka iya gusawa baɗi. Wanda ya saya a ƙaramar gunduma mai sakandare ɗaya ko biyu, layin da ya dogara da shi ba ya motsi sai jiha ta taɓa shi. Iyalan Detroit masu hali sun koyi wannan bambanci a hankali, suka kuma bi shi da kuɗinsu.

Detroit da mota ta bunƙasa. Bayan Henry Ford ya fara biyan dala 5 a yini a 1914, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Turai da kudancin Amurka. Baƙaƙen fata a birnin ba su kai 6,000 ba a 1910, a 1920 sun haura 40,000, a 1950 sun kai wajen 300,000. Masana'anta ta buɗe musu ƙofa, kasuwar gidaje ta rufe. Aka cusa yawancinsu a tsofaffin unguwannin gabashin tsakiyar birni, Black Bottom da Paradise Valley, inda haya ke da tsada, gidajen kuma sun ji jiki. A sauran unguwanni ana rubuta sharaɗi a cikin takardar gida cewa ba za a sayar ko a ba da haya ga wanda ba farar fata ba, kotuna kuma suna tilasta bin sharaɗin. Inda takarda ta gaza, taron jama'a ya cike giɓin. A watan Satumba na 1925 wani likita baƙar fata, Ossian Sweet, ya tare a gidan da ya saya a titin Garland. Ɗaruruwan fararen fata suka kewaye gidan suna jifa, aka yi harbi daga ciki, mutum ɗaya ya mutu, aka gurfanar da mutum 11 da ke cikin gidan bisa zargin kisan kai. Shahararren lauya Clarence Darrow ya kare su, ba a sami kowa da laifi ba, amma saƙon ya isa kunnen duk baƙar fatar da ke tara kuɗin gida. Masanin tarihi Thomas Sugrue ya ƙidaya ƙungiyoyin masu gidaje aƙalla 192 da fararen fata suka kafa a Detroit tsakanin 1943 da 1965, kuma babban aikinsu shi ne tsaron iyakar unguwa.

Abin da ya mayar da wannan ƙiyayya ta unguwa ƙa'idar banki shi ne shigowar gwamnatin tarayya harkar bashin gida a shekarun 1930. Hukumar HOLC, da aka kafa a 1933, ta zana taswirar birane sama da 200, ta ba kowace unguwa daraja daga A zuwa D, unguwannin baƙaƙe kusan duka suka sami D, aka shafa musu jan launi. Hukumar FHA ta 1934, wadda ke tsaya wa banki idan mai gida ya kasa biya, ita ta fi tasiri, domin lamuninta ne ya sa ma'aikacin masana'anta ya iya mallakar gida da ɗan kafin alƙalami, ya biya sauran cikin shekara ashirin ko fiye. Littafin ƙa'idojin da FHA ta ba masu ƙiyasta darajar gidaje ya ambaci makaranta ƙarara. Ya gargaɗe su cewa unguwa komai kyanta, idan yaranta za su zauna aji ɗaya da tarin yaran talakawa ko na wani jinsin da aka ce bai dace da su ba, to darajarta ba za ta ɗore ba. A nan ne, a ganina, aka ɗaura igiyar, domin hukumar tarayya ce da kanta ta shaida wa kowane banki cewa launin fatar yaran aji yana cikin lissafin kuɗin gida. A 1941 wani mai gina rukunin gidajen fararen fata kusa da titin Eight Mile, iyakar birnin ta arewa, ya nemi lamunin FHA, aka hana shi saboda filinsa yana maƙwabtaka da unguwar baƙaƙe. Sai ya gina katangar siminti mai tsayin ƙafa 6, tsawonta wajen rabin mil, tsakanin unguwannin biyu, aka amince masa. Katangar tana tsaye har yau a bayan gidajen titin Birwood.

A 1948 Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta bin sharaɗin launin fata, kuma ɗaya daga cikin ƙararrakin da aka haɗa a wannan hukunci daga Detroit ta fito, ta iyalin McGhee, wadda lauya Thurgood Marshall ya tsaya wa. Sai aikin ya koma hannun dillalai. A 1960 bincike ya tono tsarin da dillalan Grosse Pointe suke bi, wato rukunin garuruwan masu hali da ke manne da gabashin Detroit a bakin tafki. Sukan sa a bi diddigin mai son sayen gida, a ba shi maki a kan lafazinsa da tufafinsa da duhun fatarsa da irin abokan da yake hulɗa da su. Bayahude sai ya ci maki 85 cikin 100, fiye da abin da ake nema daga wasu, baƙar fata da ɗan Asiya kuwa ba a ma sa su a lissafi. Dokar tarayya da ta haramta wariya a cinikin gida ba ta zo ba sai 1968, lokacin an riga an gina garuruwan kewaye, an raba gidajen, kowane gari ya kama gundumarsa ta ilimi.

Hukumar ilimi ta Detroit ba 'yar kallo ba ce a duk wannan, kamar yadda aka tabbatar daga baya a gaban kotu. Da iyalan baƙaƙe suka fara kutsawa sababbin unguwanni a shekarun 1950, hukumar ta ƙirƙiro yankunan zaɓi a daidai wuraren da launin unguwa ke sauyawa, inda ake barin iyaye su zaɓi ɗaya daga cikin sakandare biyu, wato an buɗe wa ɗan farar fata hanyar kauce wa makarantar da baƙaƙe suka fara yawa. Idan makarantar baƙaƙe ta cika, sai a ɗebi yaran a mota, a wuce da su ta gaban makarantar fararen da ke da gurabe, a kai su wata ta baƙaƙe mai nisa. An ja layukan sakandare daga kudu zuwa arewa, alhali hukumar ta san jan su daga gabas zuwa yamma zai fi cakuɗa ɗalibai.

A ranar 7 ga Afrilu 1970 hukumar ilimi ta birnin, wadda a lokacin masu son cakuɗa ɗalibai ke da rinjaye a cikinta, ta amince da sake jan ƙaramar iyaka ta kusan rabin manyan sakandarun birnin. Shirin ba shi da zafi. Bai taɓa firamare ba, bai cire ɗalibin da ya riga ya shiga wata sakandare ba, sababbin shiga kaɗai zai shafa, aji bayan aji, cikin shekara uku. Amma abin da ya biyo baya ya nuna nauyin da layin ya riga ya ɗauka. Iyaye fararen fata suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta, majalisar dokokin Michigan ta yi doka cikin 'yan watanni ta soke shirin, gwamna William Milliken ya sa hannu, a watan Agusta kuma masu zaɓe suka yi wa mambobi huɗun da suka goyi bayan shirin kiranye. Kuskure ne a ce babu ƙiyayya a wannan ƙuri'a, haka ma kuskure ne a ce ita kaɗai ce a ciki. Ma'aikacin kamfanin mota da ke zaune a arewa maso gabashin Detroit ba shi da wata dukiya sai gidansa, kuma an yi shekara talatin banki da dillali da gwamnati suna nanata masa cewa ranar da baƙaƙe suka shiga ajin ɗansa, ranar kuɗin gidansa zai faɗi. Tun da kowa ya yarda da haka, kowa ya yi gaggawar sayarwa kafin maƙwabcinsa, sai maganar ta tabbata. Wasu dillalai ma sana'a suka mayar da tsoron, su shiga unguwa su yaɗa cewa baƙaƙe na tafe, su saye gidaje da araha, su sayar wa iyalan baƙaƙe da tsada.

Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta shigar da ƙara a cikin watan na Agusta da sunan wasu iyaye da yara, ƙarar da aka sani da Bradley da Milliken. Ta faɗa hannun alƙali Stephen Roth, haifaffen Hangari da ya taso a Flint, wanda da farko bai nuna ya gamsu da masu ƙara ba. Kwana 41 aka yi ana sauraron shaidu, kaso mai yawa a kan gidaje: taswirori, sharuɗɗan takardu, ƙa'idojin FHA, halin dillalai. A watan Satumba na 1971 Roth ya yanke cewa hukumar birni da jihar Michigan duka suna da hannu a wariyar, kuma wariyar gida da ta makaranta kowace tana ƙarfafa 'yar'uwarta. Daga nan ya ci karo da lissafi. Kashi 64 cikin 100 na ɗaliban Detroit baƙaƙe ne a 1970, adadin na hawa kowace shekara, gundumomin kewaye kuwa kusan zallar fararen fata ne. Duk shirin da ya tsaya a cikin birni zai ƙara kora sauran fararen zuwa ƙetaren Eight Mile. Saboda haka a watan Yuni na 1972 ya ba da umarnin a tsara shirin da zai haɗa Detroit da gundumomi 53 na kewaye, ɗalibai wajen 780,000. Jihar ta riga ta ɗauki zafi. Tun a watan Agusta na 1971 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan sun dasa bam sun lalata motocin makaranta 10 a Pontiac, garin da ke ƙarƙashin wani umarnin kotu na daban na jigilar ɗalibai don cakuɗa su, a watan Mayu na 1972 kuma George Wallace, gwamnan Alabama da ya yi suna wajen kare wariya, ya lashe zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat a Michigan.

A ranar 25 ga Yuli 1974, mako biyu bayan rasuwar Roth, Kotun Ƙoli ta rushe umarninsa da ƙuri'a 5 da 4. Alƙalin alƙalai Warren Burger, da ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, bai musanta an yi wariya a Detroit ba. Cewa ya yi ba a nuna gundumomin kewaye sun aikata laifin da ya haifar da ita ba, kuma ikon kowace al'umma a kan makarantunta tsohuwar al'ada ce da ba za a tsallake ta da wasa ba. Mai shari'a Potter Stewart ya ƙara da cewa dalilan da suka tara baƙaƙe a cikin birni ba a san su ba, wataƙila ma ba za a taɓa sani ba. Wannan ita ce magana mafi rauni a duk hukuncin, domin dalilan suna cikin kundin shari'ar da ke gabansa, ɗaya daga cikinsu ma da siminti aka gina shi. Batun alfarmar iyakar gunduma shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba. A tsarin mulkin Michigan ilimi aikin jiha ne, gunduma wakiliyarta ce kawai, kuma jihar ta sha goge iyakoki idan ta ga dama: gundumominta sun haura 7,000 a 1912, a farkon shekarun 1970 sun dawo wajen 600. Bugu da ƙari, a ƙarshen shekarun 1950 an riƙa ɗauko ɗaliban sakandare baƙaƙe daga gundumar Carver da ke wajen birni, ana wucewa da su ta gaban makarantun fararen fata mafi kusa, ana kai su sakandaren Northern a cikin Detroit. Iyakar da ta buɗe don a raba yara, ita aka ce ba ta buɗuwa don a haɗa su. Thurgood Marshall, wanda a lokacin ya zama alƙali a kotun, ya yi gargaɗi a ra'ayinsa na adawa cewa za a bar manyan biranen ƙasar su rabu gida biyu, ɗaya na farare ɗaya na baƙaƙe.

Shekara guda kafin wannan, a ƙarar Rodriguez ta jihar Texas, kotun ta riga ta yanke, ita ma da ƙuri'a 5 da 4, cewa tsarin mulkin tarayya bai hana a riƙe makarantu da harajin kadarar gunduma ba, ko da wata gunduma ta ninka wata arziki. Idan aka haɗa hukunce-hukuncen biyu, sai su zama tabbaci ga mai sayen gida. Ka saya a cikin birni, layin makarantar ɗanka yana hannun hukuma da alƙali, kuma a watan Janairu na 1976 an fara jigilar yara a mota don cakuɗa makarantu a cikin Detroit bisa umarnin kotu. Ka saya mil ɗaya a arewa da iyakar birni, ko ka tsallaka titin Alter zuwa Grosse Pointe Park, babu alƙalin da zai taɓa ka, harajin gidanka kuma yaran gundumarku kaɗai zai yi wa aiki. Nauyin cakuɗawar duka ya faɗa kan wanda ba shi da kuɗin ƙaura, baƙi ne ko fari. Makarantun gwamnatin Detroit, da ke da ɗalibai kusan 300,000 a tsakiyar shekarun 1960, wajen 50,000 suke da su a yau. Birnin kansa ya sauko daga mutum miliyan 1.85 a ƙidayar 1950 zuwa 639,000 a ta 2020. Daga baya iyalan baƙaƙe masu hali su ma sun bi hanyar zuwa Southfield da Oak Park da Harper Woods, makaranta kuma tana cikin manyan dalilansu.

Za a ce an ɗora wa layin makaranta laifin da ya fi ƙarfinsa. Ƙaura daga Detroit ta fara tun kafin 1970. Masana'antu sun fice zuwa filayen bayan gari da wasu jihohi, Sugrue ya nuna birnin ya rasa ayyukan masana'anta 134,000 tsakanin 1947 da 1963, manyan hanyoyi sun sauƙaƙa zama nesa da wurin aiki, tarzomar Yuli 1967 da ta ci rai 43 ta ƙara wa masu tafiya sauri. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ce hukuncin 1974 ne ya durƙusar da Detroit ya wuce gona da iri. Sai dai birane da yawa sun ga jama'arsu ta bazu zuwa gefe, abin da ya bambanta su shi ne ko wanda ya matsa mil biyar ya fita daga asusun makarantun birni da ajin yaran birni, ko yana ciki. A Charlotte ta jihar North Carolina, birni da yankin da ke kewaye da shi gunduma ɗaya ce tun 1960. Saboda haka da Kotun Ƙoli ta amince da jigilar ɗalibai a can a 1971, sayen gida a bayan gari bai fid da kowa daga shirin ba, makarantun kuma suka yi shekaru suna cikin waɗanda suka fi cakuɗuwa a ƙasar, har aka janye umarnin a farkon shekarun 2000. A Louisville an haɗe gundumar birni da ta kewaye a 1975, shekara guda bayan hukuncin Detroit. An yi zanga-zanga a waɗannan wurare, an yi faɗa, wasu sun gudu makarantun kuɗi, amma dillali bai sami damar sayar da tsallake titi ɗaya a matsayin kuɓuta ba.

Hujja ta biyu ta fi shiga zuciya. Wane uba ne ba ya son ɗansa ɗan shekara shida ya taka da ƙafa zuwa makarantar kusa, inda malami ya san gidansu, inda uwa za ta leƙa da sauri idan an kira ta? Majalisar dokokin Amurka ma ta rubuta a wata doka ta 1974 cewa unguwa ita ce tushen da ya dace a bi wajen raba yara makarantu. Ba fararen fata kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A Detroit akwai iyaye da shugabannin baƙaƙe da suka fi son a ba su iko da kuɗin makarantun unguwanninsu a kan a kwashi 'ya'yansu zuwa inda ba a maraba da su, Coleman Young kuma, magajin gari baƙar fata na farko, da ya hau a 1974, bai goyi bayan jigilar cikin birni ba. Wannan buri halas ne, kuma masu tsara jigila sun sha raina wahalar da yara ke sha a hanya. Amma kusanci bai taɓa zama ƙa'idar da aka bi tsakani da Allah ba. Yaran da aka wuce da su ta gaban makaranta mai gurbi sun fi kusa da ita. Yaron gabashin Detroit da ke layi biyu daga titin Alter ya fi wasu 'yan gundumar Grosse Pointe kusa da makarantarsu. Makarantar unguwa adalci ce idan kowa na iya zama a kowace unguwa. Idan kuwa an yi shekara hamsin ana zaɓar wanda zai zauna a ina, da sharaɗi da katanga da maki, to raba makaranta da adireshi ci gaban wancan zaɓi ne, ko da wanda ke riƙe da taswirar a yau ba shi da mugun nufi ko kaɗan.

Akwai kuma masu cewa Michigan ta riga ta gyara. Bayan gundumar Kalkaska ta rufe makarantunta a watan Maris na 1993 don kuɗi sun ƙare, majalisa ta soke harajin gida a matsayin babban tushen kuɗin gudanar da makarantu. A 1994 masu zaɓe suka amince a ɗaga harajin sayayya daga kashi 4 zuwa 6 cikin 100, jiha ta koma ba kowace gunduma kuɗi gwargwadon yawan ɗalibanta, a 1996 kuma aka ba gundumomi damar karɓar yara daga waje. Gyaran ya rage tazara sosai, musamman ga gundumomin karkara, kuma dubban yaran Detroit suna karatu yau a wajen gundumarsu. Amma gundumomin da suka fi kashe kuɗi kafin 1994 an bar su su ci gaba da karɓar ƙarin haraji daga masu gidajensu don kada su sauko. Kuɗin gini da manyan gyare-gyare har yanzu daga harajin kadarar gunduma suke fitowa, kuma a farkon 2016 malaman Detroit sun yi ta ƙaurace wa aji suna nuna wa duniya hotunan azuzuwa masu yoyo da ɓeraye. Buɗe ƙofa ga 'yan waje kuwa ba dole ba ne, Grosse Pointe ta daɗe da zaɓar barin tata a rufe, tana neman takardun shaidar zama, tana bincikar wanda ake zargin ya ari adireshi. A 2016 ƙungiyar EdBuild ta auna iyakokin gundumomin Amurka, ta sami babu inda tazarar talauci ta kai ta tsakanin Detroit da Grosse Pointe: yara kashi 49 cikin 100 a gefe ɗaya, ƙasa da kashi 7 a ɗayan. Yaron da ya sami gurbi a wata gunduma kuma baƙo ne a can, iyayensa ke neman motar kai shi, kuma ba su da ƙuri'a a zaɓen hukumar da ke riƙe da makarantarsa.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta mai sayen gida na yau. Bai rubuta sharaɗi ba, bai gina katanga ba, wataƙila ma kakansa na cikin waɗanda aka hana. Ya ci bashin shekara 30, ya biya ƙari don wata makaranta, sai hukuma ta zo ta matsar da layi. Asararsa ta gaske ce, kuma ko gundumomi masu hali ba su tsira daga irin wannan ba. A 2019, da ɗalibai suka ragu, hukumar Grosse Pointe ta kaɗa ƙuri'ar rufe firamare biyu, Trombly da ke kusa da iyakar Detroit, da Poupard da ke Harper Woods, wadda ta fi sauran yawan yara baƙaƙe da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, aka sake jan layuka bayan watanni ana taƙaddama. Irin wannan mai gida yana da haƙƙin a sanar da shi da wuri, a bar ɗansa ya gama inda ya fara idan zai yiwu, a bayyana masa ma'aunin da aka bi. Haƙƙin mallakar layin ne ba shi da shi. Takardar gida ba ta ɗauke da alkawarin makaranta, ƙarin da ya biya kuma aljihun wanda ya sayar masa ya shiga. Makarantar da kuɗin jama'a ake riƙe ta, a Michigan har da harajin sayayyar da uwar da ke haya a Detroit take biya a kanti. Idan aka yarda ba za a taɓa layi ba don kada kuɗin gidan wani ya ragu, an yarda ke nan cewa gurbin makarantar gwamnati haja ce da ake saya ta hannun dillali, kuma wanda ba shi da kuɗin gida ba shi da rabo.

Ikon sauya babbar iyaka bai gushe ba. Hukuncin 1974 hannun alƙalan tarayya kawai ya ɗaure, bai hana majalisar Michigan haɗe gundumomi ba, ko tilasta musu karɓar yaran maƙwabta, ko ɗaukar nauyin ginin makarantu daga asusun jiha. Majalisar ta nuna ta san tana da wannan iko. A 2013 ta yi dokar da aka rushe gundumomin Inkster da Buena Vista da ita bayan sun talauce, aka rarraba yaransu ga maƙwabta, a 2016 kuma ta sake fasalin gundumar Detroit saboda bashi. Gundumomin da ta taɓa a waɗannan shekaru na matalauta ne. Iyakar da ta raba Detroit da Grosse Pointe tana nan inda Roth ya same ta a 1971, kuma alhakin barin ta a can yana wuyan majalisar jiha.